Inda Kwalta Ta Ƙare a Boa Vista

Kwalta ba ta da yawa a tsibirin Boa Vista. Akwai wadda ta haɗa filin jirgin sama da garin Sal Rei, akwai wadda aka ja zuwa manyan otal-otal na kudu, sai tsoffin hanyoyin da aka jera da baƙin dutse, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Abin da ya saura sawun taya ne a kan yashi da tsakuwa. Duk baƙon da ya ce tsibirin yake so ya gani, ba bakin ruwan otal ɗinsa kaɗai ba, sai ya nemi motar da ƙafafunta huɗu ke ja, da direban da ya san inda ƙasa ke ɗaukar mota da inda take riƙe ta.

Boa Vista ɗaya ne daga tsibirai 10 na ƙasar Cape Verde, kuma shi ya fi kusa da gaɓar Afirka, kusan kilomita 600 yamma da Dakar. Shi ne na uku a girma bayan Santiago da Santo Antão, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 600, amma mutanensa ba su kai 15,000 ba a ƙidayar 2021. Ƙasar tana cikin ECOWAS, don haka fasfonmu ya wadatar, ko da yake jami'an shige da fice sukan nemi ganin takardar masauki da tikitin komawa. Mun je a watan Agusta, lokacin dogon hutun makaranta, ni da uwargida da yaranmu uku, ta Dakar zuwa Praia babban birni, daga can ƙaramin jirgi ya tsallaka da mu.

A Sal Rei hanya biyu ake tallata wa mai son zagaya tsibiri. Ko ya hau babur mai ƙafa huɗu ya bi jerin gwanon 'yan uwansa baƙi cikin ƙura da ƙara, ko ya ɗauki shatar a-kori-kura ƙirar Hilux wadda aka kafa wa benci biyu da rumfa a baya. Ɗanmu babur ɗin ya so. Uwarsa ta dube shi sau ɗaya, maganar ta mutu. Muka ɗauki Hilux, kuma da na sake zuwa ita zan sake ɗauka, domin mai babur hanya kawai yake gani, alhali abin ji a tsibirin nan yana bakin direba.

Namu direban ɗan asalin ƙauyukan arewa maso gabashin tsibirin ne, magidanci mai furfura jefi-jefi, yana jin Kiriyol da Fotugis, da Faransanci da Ingilishi gwargwadon abin da sana'a ta koya masa. Kafin ya tayar da mota sai da ya nuna mini safaya taya, da shebur, da igiyar ja, da jarkar ruwa da ya ɗaure a kusurwar bodi. Ya sa uwargida da autarmu a gaba, ni da manyan biyu a baya, ya kama hannun kowannensu ya ɗora a kan ƙarfen rumfa, ya ce kada a saki ko da mota tana tsaye. Tun ba a bar gari ba yara suka sa masa Kawu.

Arewa muka fara nufa. Hanyar ta ratsa wani kurmin itacen ƙaya wanda duk mutumin da ya san bakin Tafkin Chadi ko kudancin Nijar zai gane shi, irin wanda aka shigo da shi daga nahiyar Amurka don ya riƙe ƙasa. Ya riƙe ta kuwa, ya ba awaki abinci, ya ba mata itacen girki. Amma Kawu ba ya ƙaunarsa. Ya ce saiwarsa na bin ruwa har inda ta dabino ba ta kai ba, shi ya sa dabinon tsibirin ke mutuwa a tsaye. Mun ga kututturansu da yawa a ranar, dogaye, babu ko ganye ɗaya a ka.

Da tsakuwa ta ƙare yashi ya fara, sai ya tsaya ya sauko. Ya tsuguna gaban taya, ya kwance murfin bakin iska, ya danna da kan makulli, iska tana fita yana ƙirge a ransa, ya tashi ya koma ta gaba. Ɗanmu ya diro ya tsuguna kusa da shi.

"Kawu, ba za ta yi faci ba?"

"Duba ƙasanta," in ji shi. "Ɗazu da baki take tsaye, yanzu da tafi. Taya mai tauri haƙa take yi, mai laushi takawa take yi."

Ya sa giyar da ke haɗa ƙafafun huɗu, ya shiga yashin da totur ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba, bai taɓa birki ba sai da muka hau wuri mai tauri. Daga kan tudun muka hango abin da ya kawo mu: gawar jirgin ruwa tsaye a cikin igiyar teku, 'yan taku kaɗan daga gaɓa, tsatsa ta cinye shi har ana hango ruwa ta cikin haƙarƙarinsa. Sunansa Cabo Santa Maria, jirgin dakon kaya na Sifaniya, ya kafe a nan ranar 1 ga Satumba 1968 a hanyarsa ta zuwa Burazil da Ajantina. Ma'aikatansa sun fita da rai. Kayan cikinsa kuwa mutanen tsibirin suka yi ta sauke su da jakuna wata da watanni. Kawu ya ce mahaifinsa na cikin masu jakunan, kuma tsofaffi har yau ba sa kiran abin hatsari, domin ya zo a lokacin da rumbu babu komai, ga abincin gwangwani da mai da tufafi teku ta kawo har ƙofar gida.

Ba a wanka a wannan gaɓar, ruwan yana da ja. Wani abin da hotunan talla ba sa nunawa shi ne bola. Igiyar da ta turo jirgin ita ke turo tsummokaran koma da igiyoyin masunta da robobin ƙasashen da ba su san da zaman tsibirin ba. Masu aikin sa kai na kwashewa, teku na sake kawowa. Babbar 'yarmu ta tsinci wata gora da rubutun Larabci a jikinta, ta kai bayan mota, ƙannenta suka bi sahu, Kawu ya ba su buhu.

Daga nan muka gangaro ta Rabil, tsohon babban garin tsibirin, inda har yanzu ake ginin tukwane, muka shiga hamadar Viana. Gaskiya, wanda ya taɓa ganin tuddan rairayi na Yusufari ko ya bi hanyar Agadas ba girman Viana ne zai ba shi mamaki ba. Tsawonta kimanin kilomita 5 ne, faɗinta kilomita 1. Launinta ne abin kallo: fari tas, da baƙaƙen duwatsu sun leƙo nan da can, da inuwar gajimare tana gudu a kai. Masu yawo da baƙi sukan ce iska ce ta kwaso yashin daga Sahara. 'Yarmu ta dumbuzo shi a tafin hannu ta kawo kusa da ido, ta ce, "Baba, akwai ɓawon katantanwa a ciki." Haka ne kuwa. Mafi yawansa niƙaƙƙen ɓawon halittun teku ne da ruwa ya zubar a gaɓar arewa, iskar arewa maso gabas ta yi ta tura shi cikin tsibiri har ya ratsa zuwa ɗaya gaɓar. Abin da ke zuwa musu daga wajenmu hazo ne. Daga Disamba zuwa Maris ƙurar da ke tashi daga Sahara, har da ta kwarin Bodele na Chadi, wadda ke rufe Kano da Damagaram da hunturu, takan tsallaka teku ta rufe su su ma, har jirage su kasa sauka. Da na gaya wa Kawu haka muke kwana da ita, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, sai ya yi dariya ya nuna tasa dunduniyar.

Motoci a gefen hamadar suke tsayawa. Yara suka karɓi aron katako suka yi ta sulu daga kan tudu, suna hawa da haki suna saukowa da ihu, har da autar a cinyar yayanta. Sai da rana ta fara cizo aka iya raba su da wurin.

Tafiyar gabas ita ce mai tsawo. An sake cika tayoyi da ƙaramin famfon da ke jone da batir, aka hau hanyar dutse, wadda ke kaɗa mutum tun daga tafin ƙafa har haƙora. A baya babu mai iya magana, sai kallo. Fili ne ja, shimfiɗe, da duwatsu tsirara daga nesa. Mafi tsayinsu, Monte Estância, mita 387 ne kacal. Ga busassun ƙoramu, ga awaki a warwatse suna lasar abin da ido ba ya gani, ga jakunan da suka zama na daji tun da mota ta karɓe musu aiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shingayen dutse. An jera su da kyau, kusurwa huɗu, wasu har da ƙofa, sun kewaye gonakin da babu ko karan masara ɗaya a ciki. Wani ya ɗauki kowane dutse da hannunsa ya kawo nan saboda ya sa rai da damina.

Ruwan saman da ke sauka a tsibirin nan a shekara da ƙyar yake kai milimita 100, kuma yawanci a 'yan kwanaki tsakanin Agusta da Oktoba yake zubowa gaba ɗaya, ya bi ƙorama ya tsere teku. Akwai shekarun da ba ya zuwa sam. Daga 2017 ƙasar ta jera shekaru cikin fari, makiyaya suka yi ta sayar da dabbobi a wulaƙance. Ruwan da ake sha a yau daga teku ake tace shi, a cire gishiri da inji, tankoki su kai ƙauyuka.

Ƙauyukan arewa maso gabas uku ne a jere: João Galego, Fundo das Figueiras da Cabeça dos Tarrafes. Gidaje ne ƙanana masu fenti shuɗi da ruwan ɗorawa da ja, titi a share, furanni a bakin taga, tsofaffi zaune a inuwa. Amma gida uku in ka wuce, ɗaya a kulle yake. Masu shi suna Lisbon, ko Rum, ko Rotadam, ko Boston. An daɗe ana cewa 'yan Cape Verde da ke waje sun fi na gida yawa, a ƙasar da mutanenta ba su wuce rabin miliyan da wani abu ba. A Fundo das Figueiras aka haifi Aristides Pereira a 1923, abokin Amílcar Cabral a gwagwarmayar neman 'yanci. Pereira ne ya zama shugaban ƙasa na farko da aka sami 'yanci ranar 5 ga Yuli 1975, ya riƙe mulki har 1991 lokacin da ya faɗi zaɓe ya miƙa. Sunansa filin jirgin da muka sauka yake ɗauke da shi.

A nan muka ci abincin rana, a gidan wata dattijuwa da ta fitar da tebura uku tsakar gida. Abincin ƙasar shi ne kacupa, surfaffiyar masara da wake da ake dafawa a hankali har su narke. Musulmi ya yi tambaya kafin ya sa cokali, domin sau da yawa da naman alade ake haɗa ta, ko da ba a ga yanka a kwano ba. Uwargida ta sa Kawu ya tambaya. Dattijuwar ba ta ji haushi ba, ta ce ta yau da shi aka yi, ta shiga ta gasa mana kifi, ta kawo da shinkafa da dankalin Hausa, ta biyo da cukun awaki da gwanda da aka dafa da sukari. Autarmu, wadda ba ta cin abin da ba ta sani ba, ta cinye cukun uwarta.

Da muka nemi wurin salla ta share mana gefen ɗaki, ta kawo ruwa a moɗa, ta ajiye roba a ƙasa don mu yi alwala a kanta. Ban gane dalilin robar ba sai da muka idar. Ta ɗauke ta da hannu biyu, ta taka a hankali zuwa gindin wata gwanda a bayan gida, ta juye ruwan a daidai saiwa, ta girgiza robar har ɗigon ƙarshe. Uwargida ta matso kusa da ni ta ce, "Abban yara, ruwan nan saye ta yi, ka sa a cikin lissafi." Na sa. Dattijuwar ta ƙirga kuɗin, ta zare na ruwan ta mayar mini a hannu ta rufe yatsuna a kai.

Kudu da ƙauyukan babu sauran hanyar da aka gina. Gargada ce zalla, mota tana hawa dutse da ƙafa ɗaya tana sauka da ɗaya, Kawu yana murza sitiyari da tafin hannu, yana leƙo kai lokaci-lokaci ya ga ko mun cika a baya. Kusa da Ervatão muka tarar da kuka, ƙatuwa, ita kaɗai a cikin kwari. Ban zaci ganin kuka zai motsa ni haka ba. Yara suka zagaye ta suna neman 'ya'ya, uwargida ta tsinki ganye ta murza ta shinshina, ta gaya wa Kawu da shi muke miya. Bai taɓa ji ba. Ya ce su dai 'ya'yan suke jiƙawa su sha.

Tun da sauran tafiya kafin bakin teku ya kashe mota ya ce daga nan da ƙafa. Yashin a shimfiɗe yake, motar da ta hau abin da ta hau ɗazu ba za ta gaza nan ba, ɗanmu ma ya faɗi haka. Kawu bai ba shi amsa ba sai da muka isa. Wani sawu ne mai faɗin kusan mita ɗaya ya fito daga cikin ruwa, ya haura yashi, ya yi wani zagaye a sama inda ƙasa ta hargitse, ya juyo ya koma ruwa.

"Baba, tarakta ce ta bi nan?"

Kunkurun teku ce, ta fito daren jiya. Tsakanin Yuni da Oktoba matan sukan fito da dare, su ja jiki zuwa inda igiya ba ta kaiwa, su haƙa rami da ƙafafun baya, su zuba ƙwai kimanin 80, su rufe, su watsa yashi don ɓad da sawu, su koma. Tsibiran Cape Verde na cikin wurare uku mafi girma a duniya da irin wannan kunkuru mai babban kai ke zuwa yin ƙwai, kuma mafi yawan ramukan a Boa Vista suke. Wasu daga cikinsu a gaɓar Muritaniya zuwa Saliyo suke kiwo, su iyo har nan, yankin da aka ƙyanƙyashe su shekaru da dama da suka wuce. Ƙwan yana yin kusan wata biyu a ƙasa. Zafin yashi ne ke yanke ko mace za a samu ko namiji, kuma da yake zafi na ƙaruwa, mata ne ke rinjaye, abin da ke damun masu binciken.

Kawu ya tsuguna, ya ja layi mai zurfi a yashi da gefen hannunsa. Ya ce wa ɗanmu ya ɗauka wannan sawun taya ne. Ɗan kunkuru in ya fito, in ji shi, bai cika tafin hannun autarmu ba. Yana rarrafe zuwa ruwa, sai ya faɗa nan. Ba zai iya haurawa ba, sai ya bi ramin a tsaye, yana tafiya yana tafiya, teku na gefensa bai isa ba, har gari ya waye, ƙaguwa ta same shi ko hankaka. Wannan in motar ba ta riga ta danne ramin ƙwan ba ke nan. Ɗanmu ya daɗe yana kallon layin, sannan ya sa ƙafa ya share shi.

Na tambayi Kawu ko ya taɓa cin naman kunkurun. Ya ce sosai ma, kowane gida a ƙauyensu an ci, ana busarwa a ajiye, kuma akwai shekarun da ba don ita ba da ba a ga nama ba. Ban ga abin zargi a nan ba. Mutumin da ƙasa ta hana shi hatsi, teku ta turo masa nama har bakin gaɓa, ba a fara masa da wa'azi. Amma abin ya tashi daga na tukunya ya koma na kasuwa, har a 2007 aka kashe sama da 1,000 a gaɓar wannan tsibiri kaɗai. Daga 2008 ƙungiyar Turtle Foundation ta fara kafa sansani a bakin ruwa, ita da wasu irin su Natura 2000 ta ƙasar, har sojoji suka riƙa taya su sintirin dare. A 2018 aka yi dokar da ta mai da kisa da sayarwa da cin naman laifin da ake hukuntawa. Ramukan ƙwai sun ninka sau da yawa tun da aka fara sintirin. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda ke gadin: samarin ƙauyukan nan ne, 'ya'yan masu farautar jiya, ana biyansu albashi. Mun gaisa da biyu a ƙarƙashin wata rumfar tampol, suna barcin rana kafin aikin dare, littafin da suke rubuta lambar kowane rami yana rataye a jikin sanda.

Ba kowane mai mota ne ke tsayawa inda Kawu ya tsaya ba. Mun ga sawun babura ya ratsa wata gaɓar daga wannan kai zuwa wancan, sabo fil. Wanda ya yi shi ya koma otal ya yi wanka, wataƙila bai ma san abin da ya taka ba. Laifin na wanda ya ba shi makulli bai ba shi ja-gora ba ne.

Curral Velho shi ne wurin da na fi so mu daɗe, yara kuma suka fi ƙosawa mu tafi. Ƙauye ne na gidajen dutse a kudu maso gabas, a gefen wani tafkin gishiri da ya bushe ya yi fari, da dabino da tuddan yashi tsakaninsa da teku. Babu kowa. Rufin ɗakuna ya tafi, bango na nan. Na shiga ɗaya, na ga gurbin murhu da baƙin hayaƙi a dutse, da ɗan loko a bango inda ake ajiye fitila. Masunta da makiyaya da masu kwasar gishiri ne suka zauna a nan, fari ya yi ta tsinke su gida-gida har na ƙarshe ya ja ƙofa. Masu kallon tsuntsaye ne ke zuwa yanzu, domin tun 2005 an sa tafkin cikin dausayoyin da duniya ta amince a kare.

Tarihin tsibiran gaba ɗaya haka yake. Babu mutum a cikinsu sai da Turawan Fotugal suka iso wajen 1460, suka mai da Santiago zangon cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Bayi makiyaya aka fara ajiyewa a Boa Vista su kula da awaki, daga baya gishiri ya jawo jiragen Ingila, daga nan Sal Rei ya sami suna da arziki. Amma ruwa bai taɓa isa ba. A yunwar 1941 zuwa 1943 da ta 1947 zuwa 1948 dubun-dubatar mutane suka mutu a tsibiran, gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi wasu dubbai zuwa gonakin koko na São Tomé da sunan ƙwadago. Baƙo yakan tsaya a irin wannan fili ya ce kai, wuri babu kowa, babu hayaniya, ya ɗauki hoto. Ni ma na ɗauka. Amma mu da muka taso muna jin iyayenmu na ba da labarin farin 1973 da na 1984, da garuruwan da aka bari a arewa, bai kamata mu ga kango mu kira shi wurin shaƙatawa kawai ba. Na tara yaran a bakin ɗakin nan na gaya musu abin da ya fitar da masu shi, ko da rabin hankalinsu na kan teku.

Teku kuwa sun same ta a Santa Mónica, farin yashi mai tsawon kilomita goma sha wani abu, ruwa kore shar, babu rumfa babu mai talla. Kawu ya ce iya gwiwa, kuma shi da kansa ya tsaya a ruwan yana fuskantarsu. Uwargida ta tattare bakin zane ta shiga ita ma. A hanyar fita muka iske wasu Turawa biyu da suka yi hayar mota ba direba, ta nutse har ciki, suna ta ba ta wuta tana ƙara tona wa kanta rami. Kawu bai ce musu komai ba. Ya rage musu iskar taya, ya yi aiki da shebur, ni da ɗanmu muka tura, igiya ta ƙarasa sauran.

Povoação Velha, gari mafi tsufa a tsibirin, wucewa muka yi rana tana faɗuwa, yara sun yi laushi, autar ta yi barci a gaba. A gaɓar Chaves ya nuna mana dogon bututun hayaƙi na jan bulo tsaye a cikin rairayi, ragowar masana'antar bulo da tayil ta farkon ƙarni na 20. Yashi ya binne sauran ginin. Daga gefensa otal-otal suka fara, fitilu a jere, da tafkunan wanka cike da ruwan da aka tace, da ciyawa kore wadda ake ba ruwa kullum.

A shekarar 2000 mutanen Boa Vista ba su fi 4,000 da 'yan kai ba. Da aka buɗe filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a 2007, kamfanonin Turai suka gina otal masu ɗaruruwan ɗakuna, cikin shekara goma jama'a ta ninka har da ɗori. Yawon buɗe ido shi ke kawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar, kuma tsibirin Sal da wannan su ke ɗauke da mafi yawan baƙin. Tsibirin da fari ya kori 'ya'yansa yanzu shi ke kiran 'ya'yan wasu: daga Santiago, daga Gine Bisau, daga Senegal, har da 'yan Najeriya. Na roƙi Kawu ya bi da mu ta inda suke zaune kafin ya sauke mu. Ya ɗan yi jim, ya dubi yaran, sannan ya karya kan mota.

Unguwar tana bayan Sal Rei, kusa da tsoffin filayen gishiri, ana kiranta Boa Esperança. Gidajen bulo ne marasa shafe, a cunkushe, wasu an ɗora musu bene, wasu rufin kwano da dutse a kai. An yi aikin gyara a 'yan shekarun nan, an jera dutse a wasu tituna, an ja wuta, amma mun ga mata da yara da jarkoki a layin ruwa. Masu gyaran gadon otal da masu wanke kwanukansa da leburorin da suka gina shi a nan suke kwana. Wani ɗan Senegal mai shagon tireda ya hango hijabin uwargida ya yi mana sallama da ƙarfi, muka tsaya, ya tambayi daga ina, da ya ji Kano sai ya ce ya san 'yan Kano da ke zuwa Kaulaha maulidi. Ya ba yara biskit ya ƙi karɓar kuɗi. Mafi yawan baƙin da ke sauka a filin jirgin nan bas ke kwashe su zuwa otal, a ɗaura musu robar shaida a hannu, su ci su sha a ciki har ranar komawa, kuɗinsu kuma tun a Turai aka karɓe. Abin da ke shiga hannun irin su Kawu da dattijuwar Fundo das Figueiras shi ne na wanda ya fito ƙofa ya ɗauki motar ɗan gari.

Ya sauke mu bayan magariba, jikinmu duk gishiri da ƙura. Yara suka yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya, ɗanmu ya taya shi sauke buhun robobin da suka tsinto. Na tambaye shi ko gobe ma yana da baƙi. Ya ce sai jibi. Gobe da asuba zai cire bencin baya ya loda buhunan dusa da jarkoki shida ya kai wa mahaifiyarsa a ƙauye, domin Agusta ta raba tsakiya ruwa bai sauka ba, awakinta kuma sun fara cin kwali.